Jirgin Karan da Ya Ƙi Miƙewa

A ƙauyen Hausawan nan da ke bakin babbar tur'a, magudanar da ke kai ruwa gonaki, yamma da Managil, in ka ce kana neman Jibo sai a tambaye ka wanne, don masu sunan suna da yawa. In ka ce Jibo Tayyara kuwa, ko yaron goye zai nuna maka gidan. Sunan ya bi shi har furfura, har jikokinsa suka taso suna zaton ya taɓa tuƙa jirgin sama ne. Ko shiga bai taɓa yi ba. Abin da ya yi bai wuce ɗaure karan dawa da zare ba, kuma aikin ya ci masa tun daga girbin dawa har ƙarshen azumi.

A hanya aka haife shi, a wani zango tsakanin Fashir da Ubayyid. Ubansa Malam Audi ya baro ƙasar Sakkwato da ƙafa, shi da matarsa, da niyyar Hajji. Da suka iso Mai Wurno guzuri ya ƙare, suka ce bari su tsaya kaka ɗaya su yi tsintar auduga su ƙara gaba. Kaka ɗaya ta haifi wata. Aka haifi Mato, ƙanen Jibo, sannan uwarsu ta rasu, sannan idon Malam Audi ya fara yana har ya rufe gaba ɗaya. Da aka buɗe sababbin gonaki a Managil 'ya'yan suka ɗauko shi suka dawo nan. Duk da haka in baƙo ya tambaye shi ko nan ne garinsu, sai ya ce a'a, su matafiya ne, sun ɗan tsaya ne. Sana'arsa saƙar angarib, gadon katako mai igiya, kuma makanta ba ta rage masa komai a cikinta ba.

Shi Jibo tun yana ƙarami an san ciwonsa: ba ya iya ganin abu a rufe ya ƙyale shi. Ya kwance kwaɗon ubansa don ya ga abin da makulli yake taɓawa a ciki. Da ya yi aure ya warware fitilar amaryarsa Hadizatu tun ba a gama cin garar biki ba, ya mayar da ita ta ci gaba da ci, amma da ragowar ƙusa ɗaya a hannunsa da har ya tsufa bai san inda ta fito ba. Maƙwabta suna son sa, suna gaishe shi da fara'a, amma ba mai ba shi aron rediyo.

Da jiragen feshi suka fara zuwa gonakin auduga, aka nemi mutanen da za su riƙa tsayawa a ƙarshen hawasha, wato gonar kowane manomi, da tuta, ɗaya a wannan kai, ɗaya a wancan, don matuƙi ya san layin da zai bi. Jibo ne ya fara miƙa hannu. Aikin ba wuya: ka ɗaga tuta, jirgi ya nufo ka ƙasa-ƙasa kamar zai aske maka kai, ka kauce ka matsa layi na gaba. Sauran masu tuta sukan duƙa su rufe fuska da rawani. Jibo kuwa ɗaga kai yake yi yana kallon cikin jirgin, yana so ya ga yadda aka ɗinke shi. Saboda haka kullum ya dawo yana warin magani, Hadizatu ta tsayar da shi a ƙofar gida da bokitin ruwa, ta ce ba zai shigo ya kashe mata kaji ba.

Shekarar da auduga ta yi albarka, Jibo da Mato suka yanke cewa lokaci ya yi da tsohonsu zai ƙarasa tafiyar da ya fara. Hanyar jirgin ruwa ta Sawakin ba za ta yiwu ba. Ƙafafunsa sun kumbura, ba zai jure girgizar lori da zaman jira a bakin teku ba. Amma maƙwabcinsu Alhaji Almu zai koma a karo na biyu, ta jirgin sama daga Hartum, kuma ya ce zai riƙe hannun Malam Audi tun daga ƙofar gida har Ka'aba. Abu ɗaya ya roƙa, a ba shi amsa kafin ƙaramar Sallah. Suka je wa tsohon da albishir suna jiran ya yi kuka don murna. Ya ci gaba da jan igiyarsa har suka gama.

"Raƙumi na san shi, lori na shafa shi," in ji shi. "Wagga tayyara taku, da mi ta yi kama? Ba ni shiga abin da ban san kamannunai ba."

Mato ya ce sai a kai shi filin da jirgin feshi yake sauka ya taɓa. Tsohon ya ce abu mai girman haka in ya ɗora masa hannu, bango kawai zai ji. Shi a kawo masa daidai hannuwansa biyu, ya bi shi daga hanci zuwa wutsiya. In ya ji jikin ya miƙe sak, irin abin da zai nufi gabas bai kauce ba, shi ke nan, ya shiga. In ba haka ba a bar shi da igiyarsa.

Mato ya fita yana gunaguni cewa tsufa ne. Jibo kuwa ya fita yana murmushi, don a rayuwarsa ba a taɓa roƙonsa ya yi abin da yake so haka ba.

Ya san jirgin feshi ciki da waje, amma wannan guntu ne, mutum ɗaya yake ɗauka. Na alhazai Alhaji Almu ya ce dogo ne siriri, da tagogi a jere. Jibo ya hau keke har Managil ya tsaya gaban wani hoton jirgi a bangon kanti, yana auna tsawo da kauri da ɗan yatsa, har mai kantin ya tambaye shi ko saye zai yi. Ya dawo ya zaɓi dogayen karan dawa huɗu, ya lanƙwasa tsinken kaba ya yi zobba manya da ƙanana kamar tankar ɗaki, ya jera su a tsakanin karan, ya ɗaure da zaren da ya sata a kwandon Hadizatu. Hanci ya feƙe shi da totuwa, ya kafe da ƙayar aduwa, ya liƙe da ƙaro. Fuka-fuki da wutsiya ba su ba shi wahala ba. Da ya ɗaga shi ya duba, shi kansa sai da ya yaba wa kansa.

Malam Audi ya goge hannu a riga ya karɓa. Ya ɗora babban yatsa a kan hanci ya ja shi a hankali ta doron jirgin har wutsiya. Sau ɗaya ya yi.

"Wanga in ya tashi, zagayawa za shi yi ya mai da ni Sakkwato," in ji shi, ya miƙo masa abinsa.

Jibo ya kai shi bakin haske ya leƙa ta hanci. Gaskiya ne. Daga tsakiya zuwa wutsiya jikin ya ɗan karkata dama, kaɗan ne ƙwarai, amma da zarar ka gani ba ka sake iya rashin gani. Maimakon ransa ya ɓaci, sai abin ya ba shi sha'awa. Ya ɗaure shi a miƙe, to wa ya lanƙwasa shi?

Kara ya fara zargi. Ya cire ƙyauren ɗakinsu ya shimfiɗa a ƙasa, ya riƙa mirgina karan ɗaya bayan ɗaya a kai. Nan ya gano abin da bai taɓa lura da shi ba duk noman da ya yi: babu karan da Allah ya yi a miƙe. Kowanne yana da doro, in ka mirgina shi sai ya yi tsalle. Na bakin tur'a sun fi doro, don iska tana tura su gefe ɗaya tun suna ƙanana. Ya zauna yana haɗa su aure, mai doro dama da mai doro hagu, don kowanne ya danne ɗan'uwansa. Hadizatu ta kwana biyu ba ƙyaure a ɗakinta, ta ce da ta san haka auren zai kasance da ta zo da nata ƙyauren daga gidansu.

Jirgi na biyu ya karkata. Jibo ya lura cewa gefen da ya kalli rana ƙaronsa ya riga bushewa, ya ja karan ya tsuke. Ya kwashe kayansa ya koma ƙarƙashin rakuba, wato rumfar kara, inda inuwa take yini. Rakubar kuwa a bakin hanya take, sai ga shi ya zama abin kallo. Magidanci da gemu, uban 'ya'ya, yana zaune da kara da zare kamar yaran da ke yin motar wasa. Masu wucewa zuwa gona su tsaya su tambaye shi yaushe za a fara ɗaukar fasinja. Wani ya ce a ajiye masa kujerar gaba. A nan sunan Tayyara ya kama shi. Bai damu ba, don a gaskiya ma ba ya jin rabin abin da suke faɗa.

Na uku ma tsohon ya mayar. Wannan karon Jibo ya rantse a ransa cewa ya miƙe, don ya leƙa shi ta hanci ya fi a ƙirga. Ya sake leƙawa, ya rufe idon hagu, ya ga ya miƙe. Ya rufe na dama, ya ga wutsiya ta matsa. Ya yi ta yi, wutsiyar tana tsalle daga nan zuwa can. Ashe idanun mutum biyu ma ba bakinsu ɗaya ba. Wannan ya fi komai ba shi mamaki, ya yini yana gwadawa a kan bishiya da hasumiyar masallaci, har Mato ya zo ya same shi yana kashe ido ɗaya-ɗaya a tsakiyar hanya, ya tuna masa cewa an shiga azumi, Alhaji Almu kuma yana jira.

Maganin wannan ruɗin ido a wurin aikinsa ya same shi. Yana tsaye da tuta a feshin ƙarshe na shekarar, jirgi ya nufo shi, sai ya tambayi kansa dalilin da ya sa ake tsayar da su a rana. Matuƙin nan da duk iliminsa bai yarda da idonsa ba, sai an kafa masa alama a kai biyu ya bi tsakaninsu. Jibo ya dawo ya share ƙasa a ƙarƙashin rakuba ya daddaɓe ta. Ya kafa turke biyu, ya ja zare a tsakaninsu har yana ƙara in an taɓa. Kowane zobe ya yi masa ɗigon gawayi a tsakiyar samansa, ya jera su ƙarƙashin zaren, ɗigo yana kallon zare. Ya kafa ƙananan tsinke a gefe da gefe suka riƙe karan don kada su motsa. Sannan ya yi bisimilla ya fara ɗauri.

A ƙarƙashin zaren jirgin ya miƙe, ba wanda zai yi musu. Ya bar shi har ƙaro ya bushe. Da ya zare tsinken ya ɗaga shi, yana ji yana gani, wutsiyar ta saki jiki a hankali ta koma dama. Ranar ce kaɗai ya ji kamar ya taka abin da ƙafa. Bai ma kai wa tsohon ba. Azumi ya raba tsakiya, kuma tsoro ya fara shigarsa cewa ubansa zai mutu a bakin tur'a saboda shi ya kasa ɗaure kara huɗu.

Ya shiga gida ya zauna a gindin bango, ba don komai ba sai don ƙafafunsa sun kawo shi. Malam Audi yana tsakar gida yana saƙa wa wani angarib. Jibo ya ga wannan aiki tun kafin ya iya magana, shi ya sa bai taɓa kallonsa ba. Ranar ya kalla. Tsohon ya ja igiya a gefen dama ya ɗaure. Sai ya dafa katako ya ja gindi da ƙafafunsa masu kumburi ya zagaya hagu, ya ja, ya ɗaure. Ya sake zagayowa dama. Wahala ce ƙwarai ga mai ciwon ƙafa, kuma da zai iya gama gefe ɗaya yana zaune kafin ya tashi. Jibo ya tambaye shi me ya sa ba ya yin haka. Tsohon ya ce in ka gama jan gefe ɗaya, ka riga ka murɗe gadon, duk abin da za ka yi a ɗaya gefen bin murɗin zai yi, kuma mai gado zai kwana yana gangarawa.

Jibo ya dubi nasa hannun. An koya masa tun yana yaro cewa abin kirki da dama ake fara shi, ci da sha da sa takalmi da shiga masallaci. Jirgin da zai kai ubansa Makka kuwa ai ba a fara shi da hagu. Don haka kowane jirgi da ya yi, sai ya ɗaure gefen dama kaf daga hanci har wutsiya, da ƙarfinsa na farkon aiki, kafin ya waiwayi hagu. Shi da kansa yake lanƙwasa shi, kuma da kyakkyawar niyya.

Murna ta taso masa, sai wani tunani ya tare ta. Mutumin da ya san wannan a gado, ai ya san shi a kara. Yatsan da ya bi doron jirgin farko ya ji ɗaurin dama ya fi na hagu tsauri.

"Baba, ka san abin da ke karkata shi tun ran farko."

"Na sani."

"Mi ya hana ka gaya mini?"

Tsohon ya laluba ya sami bakin igiyarsa, amma bai ja ba.

"Kai kana zaton kai ni za ku yi in komo da tsaraba. Mu da munka taso da ƙafa ba mu taso don mu komo ba. Ɗan baffana yana can tun zamanin da ya ƙetare, ya aiko cewa akwai ɗaki. In na tai, na tai ke nan. Ina son zuwa, Allah ya sani. Kuma ina son in ƙara jin motsinku a gidan ga. Duk ran da ka kawo shi a karkace, sai in ce to, an ƙara mini kwana da ɗiyana, kuma ba ni na roƙa ba."

Jibo ya tashi ya koma rakuba ya zauna gaban turakunsa, ransa a jagule. Bai taɓa kawo wannan a ransa ba, shi da yake son sanin cikin kowane abu. Da Hadizatu ta kawo masa ruwan buɗa baki ya gaya mata. Ta ce ita ta daɗe da sani, don tsohon ya raba kayan aikinsa a zuci, har ya ce mata wuƙarsa ta Mato ce. Jibo ya tambaye ta me zai yi. Ta ce shi ne mai ɗaurin, ita zare kawai aka sata a wurinta.

Bai gaya wa Mato ba. Ya yi kwanaki bai taɓa kara ba, masu tsokana suka ce kamfanin ya karye. Ya san hanya a buɗe take. Ba ƙarya zai yi ba, ba kuma wanda zai zarge shi. Ya ci gaba da ɗaurawa yadda ya saba, Sallah ta zo, Alhaji Almu ya tafi, tsohon ya zauna yana saƙa gadonsa, kowa ya ce an yi ƙoƙari. Baɗi kuwa Allah ne ya san ko akwai ƙafar da za ta taka matakalar jirgi. Ya kuma san cewa mutumin nan ya bar garinsu, ya binne matarsa a ƙasar da ba tasu ba, ya ƙi kiran ko'ina gida, duk saboda wuri ɗaya da bai kai ba.

Ana cikin goman ƙarshe ya zaɓi sababbin kara. Ya ja zare, ya jera zobba, ya kafa tsinke. Ya yi bisimilla ya fara da dama, ƙulli ɗaya, ya tsallaka hagu ya yi ɗaya. Ya matsa zobe na gaba, dama, hagu, yana taɓa kowane ƙulli da yatsa ya ji ko tsaurinsu ya zo ɗaya. Aikin da ya saba yi da waƙa a baki, ranar shiru ya yi shi. Da ya iso zobe na ƙarshe, ƙaramin da ke gindin wutsiya, ya ɗaure dama ya tsaya da zaren hagu a hannu. In ya sassauta shi kaɗan, ido ba zai gani ba, amma yatsan ubansa zai ji. Ya daɗe a haka, har inuwar rakuba ta matsa ta bar ƙafarsa a rana. Sannan ya ja shi daidai da ɗan'uwansa ya ƙulle.

Da ƙaro ya bushe ya zare tsinken ya ɗaga jirgin. Wutsiyar ba ta motsa ba.

Bayan la'asar ya kai shi. Malam Audi ya goge hannu a riga ya karɓa, ya ɗora babban yatsa a hanci ya ja har wutsiya. Ya dawo ya sake. Ya juya shi ya bi ta ciki, ya bi gefen dama, ya bi na hagu, ya tsaya a kan kowane ƙulli yana matsawa. Jibo yana durƙushe a gabansa yana kallon yatsun, ya gane cewa ba dubawa suke yi ba, nema suke yi. Hadizatu ta bar dakanta ta tsaya da taɓarya a hannu.

A ƙarshe tsohon ya ɗora jirgin a cinyarsa ya dafa shi da hannu biyu.

"Ya miƙe," in ji shi. "Na nemi inda ya karkata, ban samu ba."

"Ni ma na so ka samu, Baba."

Tsohon ya miƙa hannu ya laluba har ya sami kan ɗansa, ya bar hannun a nan na ɗan lokaci. Sannan ya ce a je a kira masa Almu.